Yaya, dan Allah kar a sayar da kayan Kaka

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Ya ruwan kogin Lagon bana, Allah sa bai shigo unguwa ba.

Kin ce in dinga ba ki labarin abin da nake gani a nan, to yau ba zancen tsadar nama ba ne. Garin da nake ɗan mitsitsi ne a yankin Normandi na Faransa kusa da birnin Alanson, wallahi ko unguwa biyu ta Kusserinmu ta Kamaru bai kai ba, amma suna da gidan tarihi nasu na kansu, mize suke ce mai. Tsohon gida ne mai ɗaki huɗu, shiga yuro 4, wajen sefa 2,600 kenan, yara kyauta, kuma ƙarshen mako na uku a watan Satumba an buɗe wa kowa ba ko sisi.

Abin da ya kama ni shine ɗaki ɗaya da suke canza kayan cikinsa duk yanda shekara ta juya. Da lokacin kaka tuffa ce, sabida ƙasar tuffa da shanu ce, suka jera kwanduna da wata ƙatuwar matsa ta katako da kakanninsu ke matse ruwanta, su giya suke yi da shi, ni dai ruwan zalla aka ba ni na sha. Da sanyi ya shigo sai ga fitilun aci-bal-bal irin nasu, barguna, takalman katako. Kuma ba kayan sarki ba ne fa Yaya, kayan talaka ne, fartanya, tukunyar madara, kowanne da 'yar takarda an rubuta gidan da ya bayar da shi. Wata tsohuwa ce ke zagayawa da mutane tana bayani, ba a biyanta, so ne kawai. Inda suka gaza, da rana kaɗai suke buɗewa kuma ba kullum ba, sau biyu ina zuwa in tarar a kulle. Saƙar da suka rufe cikin gilashi kuwa ko kusa ba ta kai saƙin da ke cikin adakar Kaka ba, jakar fatarsu ma ɗan jimar Marwa ya fi ta laushi nesa.

Na lokacin zafi shi ya taɓa min zuciya. Yaƙin duniya na biyu a 1944 suka nuna, da hoton Janar Lakler na Faransa wanda rundunarsa ta ƙwato Alanson ran 12 ga Agusta, kawai ina duba taswirar jikin bango sai na ga an rubuta Fort-Lamy, Injamenarmu da muke hangowa daga bakin ruwa! Daga can ya tashi da sojojin Chadi suka ci Kufra ta Libiya a 1941. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ina neman baƙar fuska ban gani ba, don an cire baƙaƙen daga rundunar tun kafin ta iso Faransa. Na gaya wa tsohuwar cewa gidanmu kogi ne kawai tsakaninsa da wurin nan, ta riƙe hannuna ta ce in zauna in ba ta labari, ni kuma na ga ɗan abin da na sani bai taka kara ya karya ba. A Kusseri aka kashe Rabe a 1900, kullum muna taka wurin, amma wa ya taɓa zaunar da mu?

Shi yasa da na ji ana maganar a ba masu sayen tsohon ƙarfe tasoshin Kaka da ƙwalla da fanteka hankalina ya tashi. Dan Allah Yaya ki hana. Da abawarta da mazarinta da ƙwaryar nan mai zane, a haɗa su waje ɗaya, ƙarshen wata zan turo kuɗin akwatin ƙarfe mai kwaɗo sabida gara da ruwa. Sannan ki sa autanki ya je wajen Baffa da waya bayan la'asar, ya tambaye shi yanda kakanmu ya taso daga Kano da fatake har ya zauna a Kusseri, ya ɗauki muryarsa ya turo min ta WhatsApp, ko da kaɗan kaɗan ne in ya gaji a bari sai gobe.

A gaida Inna da kyau, ki ce mata maganin ƙafar na hannun mai zuwa.