Saya masa littafin Cedric, ki bar na Vance

'Yar uwa, cikin littattafai biyun nan da kika tambayi wanne za ki saya wa ƙaninki mai shirin tafiya jami'a, A Hope in the Unseen da Hillbilly Elegy, ɗauki na farko. Duka biyun na mallaka, amma ɗaya ne kawai ya taɓa yi mini amfani.

Ni ma a gidanmu ni na fara taka jami'a. Babanmu tela ne, innarmu ko firamare ba ta yi ba. Ranar da zan tafi unguwa ta cika da addu'a da guzuri, amma babu wanda ya iya faɗa mini abin da zan tarar. Sakamakon zangon farko da ya fito sai da na zauna a bayan ɗakin lakca na yi kuka, ni da nake ɗaukar na ɗaya tun daga aji ɗaya na sakandare. Wa zan gaya wa? A gida ana ta kirana "ɗan jami'a". A wannan hali ne na tsinci A Hope in the Unseen a wajen mai gwanjon littattafai, bangonsa duk ya naɗe.

Ɗan jarida Ron Suskind ne ya rubuta shi, ya fito a 1998, bayan rahotannin da ya yi a kan yaron a jaridar Wall Street Journal sun ci masa kyautar Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida a Amurka, a 1995. Labarin gaskiya ne na Cedric Jennings, baƙar fata daga sakandaren Ballou da ke unguwar talakawa a birnin Washinton. Ubansa na gidan yari, uwarsa Barbara ce ke ta fafutuka ita kaɗai, kuɗin haya ma yana gagararta. A makarantarsu ƙoƙari abin tsokana ne, har yakan ɓuya ranar raba kyaututtuka don kada a yi masa ihu. Ya je wani shirin karatu na lokacin hutu a MIT, shahararriyar jami'ar kimiyya da fasaha ta Amurka, aka nuna masa bai kai ba. Bai karaya ba, ya samu gurbi a Jami'ar Brown, ya fara karatu a can a 1995.

Abin da ya sa nake ƙaunar littafin nan shi ne bai tsaya a ranar samun gurbi ana ta murna ba. Ya bi Cedric har cikin shekararsa ta farko: zakaran makarantarsu ya koma mai bin baya, ana ambaton sunaye a aji kowa na gyaɗa kai shi bai taɓa jin su ba, zama da abokin ɗaki ya ƙi daɗi, in ya koma gida hutu kuma sai ya ji kamar baƙo. Ranar da na karanta wannan na gane ashe ba ni kaɗai ba ne, kuma ba daƙiƙanci ne ya same ni ba, wasu ne aka shirya su tun daga gida. Washegari na cire kunya na je ofishin wani malami na ce ban gane ba. Uwar Cedric 'yar coci ce, amma wallahi duk inda take masa addu'a innata nake gani a kan dardumarta.

Hillbilly Elegy kuwa sabo dal na saye shi da tsada, saboda ana ta zuzuta shi. Na J. D. Vance ne, wanda ya zama mataimakin shugaban Amurka a 2025, littafin kuma ya fito a 2016. Kakarsa da ta raine shi a Ohio ta burge ni, ban musa ba. Amma zancen jami'a sai can wajen ƙarshe, kuma yawan ɗora wa talakawan yankinsu laifin talaucinsu bai kwanta mini ba. Ba shi ne abin da yaro ɗan shekara 18 mai barin gida yake buƙata ba.

Sai ki yi hattara da masu sayarwa, musamman na WhatsApp da Instagram. Hoton asali za su turo miki, in kaya ya iso ki ga bugun sata: takarda shara-shara, rubutu dishi-dishi, gam yana sakewa. Ni an taɓa sayar mini da wani littafi babi guda babu shi, mai shagon ya rantse haka aka buga shi. Kada ki tura kuɗi sai an ɗauko miki bidiyon cikinsa ana buɗe shafuka. Masu cewa ki biya su turo miki PDF kuwa, ki rabu da su. Tsohon kwafi na asali ya fi sabon jabu.

Turancin Suskind yana da ɗan nauyi a farko, ki ce masa ya daure ya wuce babi biyu. Kuma in zai yiwu ki riga shi karantawa kafin ki saka masa a jaka, don in ya kira ki a zangon farko muryarsa a sanyaye ki san me ke damunsa.