Alawar shokola mai gishiri: mai ƙaras-ƙaras ko ta madara, wacce za ta kai Tawa lafiya?

Amarya, tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da na sauke tukunya don in amsa miki a natse. Kin ce kin ga wata alawar Turawa da ake dafa bota da sukari, a shafe samanta da shokola, a barbaɗa gishiri, kuma ita kike so ki aika wa uwar mijinki da ƙannensa a Tawa goron Sallar Layya. Sai kika ce, "Tanti, ita zan yi, ko in tsaya kan alawar madararmu in zuba mata koko da gishiri?" Na yi su duka biyun ba sau ɗaya ba, kuma amsata ita ce ki yi ta madara. Amma bari in jera miki su ki gani da idonki, domin waccan ɗin ma tana da ranarta.

Ta Turawan, wadda suke kira tofi, kayanta kaɗan ne. Ni ina auna bota giram 250, sukarin gari giram 250, ruwa babban cokali 3, gishiri rabin ƙaramin cokali. A dafa har zafin ya kai digiri 150, launin ya koma kamar na ƙuli-ƙulin da ya soyu da kyau, a juye a tire, a watsa gutsattsarin shokola giram 200 tun tana da zafi, in ya narke a shafe da bayan cokali, a bi da gyaɗa da gishiri mai tsakuwa-tsakuwa. In ta huce sai a fasa ta da hannu. Tana karyewa ƙas, tana narkewa a baki ba ta kama haƙori.

Tamu kuwa madarar gwangwani mai sukari ce ginshiƙinta, ƙaramin gwangwanin nan na giram 397. Ina ƙara sukari giram 100, bota giram 60, zuma cokali 1, garin koko babban cokali 3, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ita ba ta wuce digiri 120 zuwa 125. Wasu suna ce mata iloka, a nan Yamai kuma za ki ji ana cewa karamel. Tana da tauri da danƙo, ana tsotsa ana taunawa.

Kin ga tazarar digiri kusan 30 tsakaninsu. Wannan tazarar ita ce ruwan da ya rage a cikin sukari. A digiri 150 ruwan ya ƙone kusan gaba ɗaya, shi ya sa take zama kamar gilashi. A 120 da sauran ɗan ruwa, sai ta yi tauri ba ta bushe ba. Idan ba ki da ma'aunin zafi, ki ajiye kofin ruwan sanyi kusa da murhu ki riƙa ɗiga alawar a ciki. Ta Turawa in ta nuna, ɗigon zai zama zare ya karye da ƙara tsakanin yatsunki. Ta madara kuwa zai dunƙule kamar ƙwayar gurjiya, ki matsa ya lotsa kaɗan amma bai baje ba. Ruwan ya zama na randa ko mai ƙanƙara. Ruwan famfo na tsakar rana a wannan lokacin ɗumi gare shi, zai ruɗe ki ki ga kamar ba ta nuna ba, ki ci gaba da dafawa har ta ƙone.

Yanzu ga inda maganar take, wato zafin gari. Man da ke cikin shokola yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a harshe. Turawa suna yin wannan alawar ne a watan Disamba, lokacin da garuruwansu ke cikin tsananin sanyi, suna rarrabawa lokacin Kirsimeti. Mu kuwa Layyar 2025 farkon watan Yuni ta kama, kuma kowace shekara tana ja baya da kwana 10 ko 11, ke nan a waɗannan shekarun tsakiyar bazara take faɗowa, lokacin da rana ke wuce digiri 40 a Yamai. Ki haɗa da hanya: daga nan zuwa Tawa kilomita 500 ne da ɗoriya, a bi Dosso, a bi Dogon Dutse, a bi Birnin Ƙonni, kafin a karkata arewa. Wuni guda ne a mota.

Na taɓa aika wa yayata mai shokolar a sama, a irin wannan lokacin. Na jera ta a gwangwanin biskit, na raba kowane layi da takarda, na naɗe da zane, aka sa a wurin kaya na ƙarƙashin bas. Da ta buɗe, dunƙule guda ta tarar. Shokolan ya narke ya gangara gefe ɗaya, takardar ta manne a ciki, gishirin da na barbaɗa da hannuna ƙwaya-ƙwaya ya nutse ya ɓace. Ta sa a firigo, washegari saman ya yi fari-fari kamar an busa masa toka. Wannan farin ba ruɓewa ba ne, man koko ne ya taso ya sake daskarewa, ana iya ci. Amma na ji zafin abin ƙwarai, don kwana biyu na yi ina aikinta, kuma ba abin da za a fito da shi gaban baƙi ba ne. Yayata ce, ta rufa mini asiri. Ke kuwa gidan surukai za ki aika, kuma Sallarki ta fari ce a gidan.

Ta madara ba ta da wannan matsalar, saboda kokon yana cikin jikinta. Garin koko an riga an matse yawancin mansa, ba abin da zai narke ya zuba. Iyakarta ta ɗan yi laushi a hanya, in ta sha iska ta koma yadda take. Idan kin san tafiya za ta yi, ki bar ta a wuta ta ɗan ƙara tauri, ki kai ta wajen 125.

Akwai wani shokola da masu yin gato ke saye, wanda aka cire man koko aka sa man itatuwa a madadinsa. Ya fi jure zafi kaɗan, ya fi araha, amma yana barin maiƙo a dasashi, kuma shi ma ba zai jure cikin mota a watan Mayu ba.

Wajen wuta ma sun bambanta. Ta Turawa ba ta da haƙuri. Bota kusan kashi 80 cikin 100 mai ne, sauran ruwa da ɗan madara, kuma aikinki shi ne ki riƙe man nan da sukari a haɗe har ƙarshe. Da wuta ta tashi farat ɗaya, ko tukunyar ta zama marar kauri, ko kika juya da garaje, sai ki ga mai ya fito yana yawo a sama, sukari ya dunƙule a ƙasa. In haka ta faru ki rage wuta, ki zuba ruwan zafi cokali ɗaya, ki juya a hankali, sau da yawa takan koma. Ki yi hattara da tartsatsi lokacin zuba ruwan. Tsakanin nuna da ƙonewa kuma ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. A murhun gas ana iya riƙe ta, a gawayi sai wadda ta saba. Ta madara ita juyawa kawai take so, amma juyawa ba tsayawa, da muciya, ana kankare gindin tukunya, kusan minti 20 zuwa 30 a ƙaramar wuta. Hannu zai gaji. Sai dai in kin ga tana neman kamawa kina iya sauke ta ki ci gaba da juyawa a ƙasa, ki mayar, ba abin da zai same ta. Kokon kada ki zuba shi tun farko, yana ƙonewa ya yi ɗaci. Ki tankaɗe shi, ki dama da ɗan narkakken bota, ki zuba saura minti biyar ki sauke. Zumar nan da na ce ba don zaƙi ba ce, tana hana sukari komawa tsaki-tsaki. A ta Turawa ana iya ƙara ɗigon lemun tsami ya yi wannan aikin.

Ko wacce za ki yi, ki kori yara daga madafa, kuma kada ki yi da goyo. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata.

Sai maganar mai. Idan ta Turawa ce, botan kanti na gaskiya take buƙata, mai zuwa a naɗe cikin takarda, wanda ake ajiyewa a firigo. Margarin na roba ruwansa ya yi yawa ko man nasa daban ne, yakan rabu kuma ɗanɗanon ba ya fita. Soyayyen man shanu shi ma ba ya yi, domin an riga an ƙone ruwan da madarar da ke riƙe shi da sukari. Ta madara kuwa ba ta zaɓe. Na sha yin ta da man shanun Fulani cokali biyu, ƙamshinsa ya ratsa koko, kuma tsofaffi sun fi son ta a haka. Wannan ma abin dubawa ne, tunda uwar miji za ki kai wa: ɗanɗanon da harshenta ya sani, da ɗan sabon abu a ciki. Sai dai ki tuna da haƙora. In kin san ba ta da ƙarfin haƙori, ki yanka nata ƙanana, a tsotsa ba sai an tauna ba.

Ta fannin kuɗi, ba sai na ja ba. Ta Turawa ta fi tsada, don bota da shokola duk daga waje suke zuwa. Wajen rabin kokon duniya Kodebuwa da Gana ke nomawa, kuma a 2024 farashin tan guda ya haura dala 10,000 na Amurka a kasuwar duniya, abin da ya taɓa kuɗin shokola ko'ina. Garin koko shi ma ya tashi, amma cokali uku kawai kike buƙata, ba giram 200 ba.

Gishirin shi ne abin da ya ja hankalinki, kuma kin yi gaskiya, shi ke raba wannan alawar da ta talla. Ɗan gishiri yana karya zaƙin da ke gundurar mutum, yana kwantar da ɗacin koko, sai ƙamshin madara da na gyaɗa su fito. Wuri biyu ake sa shi. Na ciki ya zama mai laushi, na leda da muke miya da shi ya isa. Na sama ya zama mai ƙwaya, wanda harshe zai ci karo da shi nan da can. Na fi son beza, farin gishirin Bilma, in ɗan daka shi sama-sama a ƙaramin turmi, in tankaɗe garin in ajiye, in yi amfani da tsakin. Ba kantun da ake ba dabbobi ba, ki faɗa wa mai sayarwa beza kike so. Gishirin Foga kuwa, wanda ake tatsa daga ƙasa a dafa, na bar wa miya, ɗanɗanonsa ya yi wa alawa nauyi. A kan ta Turawa gishirin yana zama bisa shokola, ya yi kyau a ido. A kan ta madara sai kin barbaɗa tun tana da ɗumi ki ɗan danna da bayan cokali mai mai, in ba haka ba zai kakkaɓe. Tsunkule biyu sun ishi tire guda. In botan da kika saya mai gishiri ne, ki rage na ciki da rabi.

Gyaɗa, ko gujiya yadda mutanen Adar ke cewa, tana shiga duka biyun. Ki soya, ki murje ɓawon, ki zauna ki tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane. Guda ɗaya mai ɗaci tana ɓata baki, kuma mai fumfuna ba ta da kyau ga lafiya. Riɗi ma yana yi.

Inda ta Turawa ta yi zarra shi ne ido da kunne. Fasassun gutsattsarin nan masu sheƙi, da ƙarar da take yi in an gatsa, ta madara ba ta da su. In da a ce Disamba ko Janairu ne, hunturu na kaɗawa, iska a bushe, kuma nan cikin gari za ki kai da hannunki, daga Yantala zuwa Talaje misali, da ita zan ce ki yi. Busasshiyar iska tana mata daɗi, takan yi mako biyu a rufaffiyar kwalba tana ƙaras. Da damina kuwa sukarinta yana jan laima, kwana ɗaya ta fara danƙo. A bazara dole firigo, ga ɗaukewar wuta, ga kuma firigon Layya da ya cika da nama. Bota da shokola suna ɗaukar wari da sauri, kuma in an fito da ita daga sanyi zuwa zafi sai ta yi gumi. Ta madara ba ruwanta da firigo, inuwar ɗaki ta ishe ta.

In kin juye ta a tiren da kika shafa wa mai, ki tsaga layuka da wuƙa tun ba ta gama hucewa ba, don in ta sandare yankan wahala ne. Ki naɗe kowane yanki shi kaɗai a takardar gato ko 'yar farar leda, ki murɗa bakin biyu, ki jera a gwangwani mai murfi. Na Hajiya daban, na yara daban, don 'yan barka da Sallah ba za su bar mata ko ɗaya ba. Wanda zai tafi da ita ya riƙe a jakar hannu, kada ta shiga wurin kaya. Wannan awon da na ba ki yana fitar da ƙananan yanka wajen 40, ki lissafa mutanen gidan ki ga tukunya nawa za ki ɗora, kuma ki dafa su ɗaya bayan ɗaya, kada ki ninka a tukunya guda.

Kafin ranar, ki gwada rabin awo a cikin makon nan. Ki ɗauki yanka uku ki naɗe, ki ajiye a ɗakin da ya fi zafi a gidanku daga hantsi zuwa la'asar, ki buɗe ki gani. In sun manne wa takarda, ki ƙara minti biyu ko uku a wuta ranar da za ki yi ta gaske.