Ƙarfe ko katako a rufin sito? Sa ƙarfe, amma a ɗaure shi

Alhaji, ka tambaya ko ƙarfe ko katako za ka ɗora wa kwanon rufin sitonka: ƙarfe za ka sa. Kada kafinta ya ja ka da daɗin baki.

Sitona na Bauchi da ƙarfe na rufe shi. Ranar da iskar nan ta watan Yunin 2018 ta taso, washegarin ƙaramar Sallah, ina ciki tare da buhunan taki. Ta ƙofa nake hango kwanon mutane yana yawo a sama kamar takarda, wani ya zo ya naɗe a jikin falwaya. Nawa ƙugi kawai yake yi, ni kuma ina ta salati. Da gari ya waye na hau tsani, noti biyu kacal na samu sun yi sako-sako a kusurwar gabas, inda hadari ke fara duka.

Sai dai ba ƙarfen kaɗai ya cece ni ba, dattijon mai waldan ne, Allah ya saka masa. Tun ana zuba linta ya sa aka bar rodi a tsaye, ya zo ya yi wa ƙarafan rufin walda a jikinsu. Ya kuma gitta ƙarfe biyu a kowane gefe, na yi ta mita a kan kuɗinsu. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take, kuma ta baki-baki da kusurwa take farawa, shi ya sa ya matse tazarar noti a can. Gudunta in ya ninka biyu, ƙarfinta huɗu yake zama. Ƙofa ma ka sa mai ƙwari, don in ta ɓalle iska ta cika ɗakin, daga ciki za ta tura rufin. Ko a Fulorida ta Amurka, bayan guguwar Andrew ta 1992 ta yi musu ɓarna, dokar ginin da suka tsaurara a kan ɗaurin nan ta fi matsawa, daga rufi har fandisho.

Katako? Ya fi araha, kuma kafinta a kowane lungu. Na shagona ɗanye aka sayar min, ya bushe ya karkace, ƙusa ta saki, gara ta ƙarasa.

Abin da ba ka tambaya ba: masu kwano. Za ka biya kuɗin kwano mai kaurin milimita 0.45 a loda maka mai 0.35, ido ba ya rabewa. Ari abin auna kauri ka auna da hannunka, daga tsakiyar bandir ba na sama ba. Bututun ƙarfe ma haka, ana shafe mai tsatsa da jan fenti a ce sabo ne, ka kankare da makulli ka gani. Kuma kada ka cika wa mai walda kuɗinsa sai ka hau sama ka duba, wasu ɗiga-ɗiga suke yi su rufe da fenti.