Fasa bango ko kabad har silin?

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki ƙara wuri a tsohon gidanki. Tsakanin fasa bangon da ya raba falo da kicin da kuma sa kafinta ya yi miki kabad a jikin bango, ni dai kabad zan ce. Duka biyun na yi a tsohon gidanmu.

Tsofaffin gidajen cikin gari ba su da faɗi, amma suna da tsayi. Silin ɗinmu ya haura mita 3, kuma shekara da shekaru yana ba gizo-gizo wurin zama kawai. Kafinta ya kai mana kabad har can sama, bargo da akwatunan tafiya suka koma can. Ƙarƙashin matakala kuwa, inda a da muke jibge tarkace, ya yi durowa huɗu masu tayoyi. Ranar da aka gama, ƙaramar 'yata ta yi ta jan su tana turawa har dare, sai da na kore ta ta kwanta. Ƙofar kicin ma muka mayar da ita mai zamewa gefe a kan dogon ƙarfe. Ƙofa mai faɗin santimita 80 tana cin kusan rabin murabba'in mita wajen buɗewa, yanzu firij ne a wurin.

Abu ɗaya: kada a manna kabad da bango. Tsohon bango yana fitar da danshi, a bar 'yar tazara iska ta ratsa, in ba haka ba kayanki su yi fumfuna. Kada kuma a shafe bangon da siminti, danshin zai kulle a ciki.

Fasa bango kuwa, to, haske ya ƙaru, ban musa ba. Amma namu ashe shi ke ɗauke da ɗakin sama. Sai da aka kira injiniya aka saka ƙarfe, ga hayaƙin girki har kan labule. In gidan yana cikin waɗanda hukuma ta kare saboda tarihi, sai da izini ma za a taɓa shi.

Ki kula da masu sayar da katako. Akwai wanda garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe, su rantse miki falanki ne. Ruwa na taɓa shi ya kumbura. Ki ce a yanka miki gefe ki ga cikinsa kafin ki biya.

Ki fara da ƙarƙashin matakala, ki bar bangon nan.