Tukunyar Dalma, Nonstik ko Sitenles: Wacce Za Ki Saya?

Da aka sa ranar ƙanwata, hidimar kayan kicin a kaina ta faɗo. Na zaga Kasuwar Wuse, na leƙa Utako, har wajen masu zuba tukwane a gefen gari na je. Mu mata kuɗi muke tambaya, da kauri, da ƙyalli. Da wuya ki ji wata ta tambayi da me aka yi tukunyar, alhali a cikinta 'ya'yanta za su ci shekara da shekaru.

Tukunyar dalma muka tashi muka tarar a tsakar gida. Ga araha, ga jure wutar icce, ga ɗaukar tuƙin tuwo. Ainihinta alminiyam ce. A gabana wani matashi ya daddanna ƙasa mai laima cikin akwatin katako, ya zare samfurin tukunyar, yaronsa na murza keken hura wuta har gawayi ya yi jajir, don sai zafi ya kai maki 660 a ma'aunin Celsius kafin alminiyam ya narke. A gefensu ga tsibin kayan 'yan gwangwan: gwangwanin lemo, fistin na injin mota, tsohon lagireto, guntayen ƙarfen taga.

Na ce, "Malam, duk wannan za ka narka?"

Ya ce, "Hajiya, ai wuta na cinye komai."

Tana cinye fenti da baƙin mai, amma ainihin dalma, ƙarfen nan mai guba da ke jikin irin waɗannan tarkace, narkewa take ta gauraye da sauran. A 2014 masu bincike sun gwada irin waɗannan tukwane a Kamaru, suka tarar dalma na fita idan an tafasa abu mai tsami a ciki, kuma wani gwajin na 2017 a ƙasashe 10 ya nuna haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin adadin dalma da ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi taɓawa. Ba mu manta Zamfara a 2010 ba, inda ta kashe yara fiye da 400, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito. Ina tausayin masu wannan sana'a, su ne ma suka fi shaƙar hayaƙin, sai dai ido ba ya bambanta tukunya mai guba da marar ita. Idan dole sai ita, ki raba ta da tumatir, yakuwa, tsamiya da zoɓo. Kanwa ma na cin alminiyam. Kada miya ta kwana a ciki.

Nonstik kuwa ita ce 'yar gayun lefe da gara a yanzu. Baƙin shafen cikinta sunansa PTFE, an gano shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1938, aka sa masa suna Teflon. A wuta matsakaiciya ba ya damun kowa. Da zafi ya wuce maki 260 yake fara lalacewa, kuma kaskon da aka ɗora wayam a kan gas yana iya kaiwa nan cikin 'yan mintoci. Hayaƙinsa na kashe tsuntsun gida, yana sa wa mutum zazzaɓi kamar na mura. Akwai kuma PFOA, sinadarin da ake amfani da shi a da wajen yin shafen. Manyan kamfanoni sun bar shi zuwa 2015, aka sa shi cikin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta hana a 2019, sannan a 2023 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera shi cikin masu haddasa cutar.

Shi ya sa nake gudun setin nan masu launi-launi da babu sunan kamfani babu adireshi. Na taɓa sayen irinsu, wata uku ban cika ba na fara tsintar baƙin ɓawo a cikin wainar ƙwai. Ki ɗaga kaskon ki ji nauyinsa, ki juya gindinsa ki nemi tambari, ki duba kwalin ko an rubuta babu PFOA. A gida kuma cokalin katako kawai, ban da soson ƙarfe, ban da muciya.

Sitenles tsada gare ta, kuma mai siririn gindi tana kama abinci. Mai kaurin gindi kuwa tsami ba ya cin ta, kanwa ba ta cin ta, ki goge ta da ƙarfinki. Tukunyar ƙasa ma tana nan a Ushafa da Bwari, a ƙasar Gwari ta su Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da hotonta ke jikin naira 20. Tana daɗin dahuwar wake da farfesu, sai dai sai da lallaɓawa.

Ƙanwata dai na saya mata sitenles uku na miya da shinkafa, da ƙaramin nonstik guda mai suna don soya ƙwai. Babbar tukunyar dalma da Inna ta dage sai an sa, mun daidaita za a ajiye ta don dafa ruwan wanka lokacin hunturu.