Wata takwas da ɗora wa maikuroskof ɗina kyamara

Ina da ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a cikin garin Sakkwato, kuma daga Agusta zuwa Oktoba kusan duk abin da ke zuwa gabana jinin masu zazzaɓi ne. Ɗaliban da ake turo mini koyon aiki su suka sa na nemi kyamara. Sai ka ga mutum biyar sun yi layi a kan maikuroskof ɗaya, kafin na ƙarshe ya leƙa an riga an goce daga inda ƙwayar maleriyar take.

Da farko yawan lamba ya ruɗe ni, na sayi mai megafiksel 18 amma mai USB 2.0. Hoton tsaye yana fita da kyau, sai dai in na juya saiti, allon kwamfuta sai ya biyo ni a makare. Mai duba jini da gilashin 100x, wanda ake amfani da shi da ɗigon mai, ya san wannan jinkirin kaɗai ya isa ya hana ka aiki. Na sayar da ita.

Wadda nake amfani da ita yanzu megafiksel 5 ce, USB 3.0, mai bakin C-mount (wani nau'in bakin ɗaura kyamara), tana zama daram a bututu na uku, wanda aka tanada wa kyamara a saman maikuroskof. Ban rasa komai ba, domin maikuroskof mai aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza kusan maikuromita 0.2 (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ko megafiksel nawa ka ɗora masa. Abin da ya gyara aikin shi ne ɗan gilashin 0.5x da ake sawa tsakanin kyamarar da maikuroskof. Ba tare da shi ba, tsakiyar fili kawai kyamarar ke kamawa, gefe duk ya yanke. Don Allah ku tambayi mai sayarwa ko yana cikin kwalin kafin ku biya.

Launin Giemsa, rinin da ake sa wa jini don ƙwayar maleriya ta fito, yana fitowa daidai, matuƙar na saita fari a wurin da babu jini a gilashin.

Damuwata biyu ce. Ba ta aiki sai da kwamfuta, in an ɗauke wuta batiri ya ƙare, shi ke nan. Ƙurar hunturu kuma in ta shiga, sai ɗigo ya bayyana a kowane hoto, ɗalibi ya zaci ƙwayar cuta ce. Shi ya sa na daina kwance ta, dare ya yi in lulluɓe su tare.

Sakamakon mara lafiya har yau da idona nake tabbatar da shi kafin in sa hannu. Amma wajen koyarwa, yanzu mu shida muke kallon ƙwaya ɗaya a allo, ina nuna musu da yatsa.