Embosphere a aikin toshe jijiya: abin da na gani a hannu

A aikin toshe jijiyar jini ta siririn bututu, wanda likitan hoto ke yi yana kallon allo, babu abin da ya kai sanin inda ƙwayar da aka tura za ta tsaya muhimmanci. Da wannan ma'aunin na auna Embosphere, wato ƙananan ƙwayoyin da ake turawa ta bututun su toshe jijiyar da ke kai jini wurin cuta, wadda kamfanin BioSphere Medical ya fara fitarwa kafin Merit Medical na Amurka ya saye shi a 2010.

Idan aka ɗaga sirinjin wajen haske, za a ga ƙwayoyin kwance a ƙasan ruwan gishiri kamar ƙwan kifi. Kowace mulmulalliya ce sumul, an yi ta da akirilik (wani nau'in roba) haɗe da jelatin (sinadarin da ake samu daga jikin dabba), kuma an tankaɗe su gida-gida, daga maikiron 40–120 har zuwa 900–1200 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Wanda ya saba da tsohon PVA, wani abin toshe jijiya da ake aiki da shi tun shekarun 1970, shi ya fi gane amfanin wannan siffa, domin shi PVA gutsattsari ne masu kaifin gefe kamar tsakin masara, suna sarƙewa su dunƙule, sai su toshe jijiya tun daga baki alhali tushen cutar yana can ciki. Ya taɓa toshe mini bututu ana tsakiyar aiki, dole na zare na saka sabo, mara lafiya tana kwance tana jira.

Embosphere ba ta dunƙulewa, kuma tana da taushi: takan matse da kusan kashi ɗaya bisa uku na faɗinta ta wuce ƙaramin bututu, sannan ta koma siffarta. Sai dai wannan santsin yana sa ta kutsa ciki fiye da PVA mai lambar girma iri ɗaya, don haka kuskure ne a ɗauki lambobin biyu a matsayin abu guda. A ƙarin mahaifa, wato faibiroid, nakan fara da 500–700, saboda ƙanana suna iya bi ta mahaɗar jijiyoyi su cutar da ma'ajiyar ƙwan mace.

Tana da nata nakasu. Ba ta fitowa a hoto, sai an gauraya ta da ruwan da ke haska jijiya an jira ta daidaita a cikinsa, sannan a tura sannu a hankali, domin wanda ya yi gaggawa zai sa ta dawo baya ta shiga jijiyar da ba a nufa ba. Jiki kuma ba ya narkar da ita, saboda haka a zubar jini bayan haihuwa na fi son Gelfoam, wani soso na jelatin wanda ke narkewa cikin makonni jijiya ta sake buɗewa. Ta kuma fi PVA tsada, ga shi daga waje ake shigo da ita.

Abin da na ga ana yawan tsallakewa shi ne jelatin ɗinta na alade ne, haka ma na Gelfoam. Haƙƙin mara lafiya Musulmi ne a faɗa masa wannan kafin ya sa hannu a takardar amincewa, in ya ƙi a nemo masa Embozene (wasu ƙwayoyin toshe jijiya daban) ko PVA, waɗanda babu jelatin a cikinsu.